Harsashin ɗurin gida ko na kamfani: wanne ya kamata ya kwana a bindigar da kake yawo da ita a Amurka?

Wannan magana ta 'yan uwa mazauna Amurka ce, musamman waɗanda suka samu lasisin yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye a jikinsu, kuma daga baya suka faɗa harkar ɗura harsashi da kansu a gareji. Duk wanda ya fara ɗurin nan ba ya daɗewa tambayar take zo masa, wai tunda ga shi ina haɗa harsashin da ya fi na shago araha kuma yana zuwa daidai inda na auna, me zai sa in je in miƙa wa kamfani dala talatin a kan ɗan kwali mai guda ashirin? Tambaya ce mai ma'ana, kuma su kansu Amurkawa sun shafe shekara da shekaru suna dambe a kanta har yau ba a raba ba.

Kafin komai abu biyu. Na farko in a Najeriya kake karanta wannan to karanta don sani kawai, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, haɗa harsashi a gida kuwa laifi ne kai tsaye. Na biyu ga na Amurka, dokar tarayya ta hana wanda yake zaune da bizar wucin gadi, irin ta ɗalibi ko ta ziyara, mallakar bindiga ko harsashi sai in ya shiga wasu 'yan keɓantattun sharuɗɗa kamar lasisin farauta. Mai girin kad da ɗan ƙasa su ne wannan hira ta shafa, kuma su ma kowace jiha da nata tsarin. Teksas tun Satumba 2021 ba sai da lasisi ba, Niyu Jasi kuwa ko irin harsashin da za ka fita da shi akwai ƙa'ida mai tsauri a kai.

To shi ɗurin gida mene ne. Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, da 'yar faraima a gindinsa wadda allurar bindiga ke sara ta ba da tartsatsi, da albarushi a ciki, sai ƙwayar da ke fita a baki. In ka yi harbi kwanso ya faɗo ƙasa ba ya mutuwa, ana tsince shi a wanke a mayar da shi girmansa da injin matsi, a sa sabuwar faraima, a auna albarushi da sikeli, a zaunar da sabuwar ƙwaya. Kamfanoni irin su Dillon da RCBS da Lee da Hornady duk suna sayar da injinan, kuma babu dokar tarayya da ta hana ka ɗura don amfanin kanka, sayarwa ce dai sai da lasisi. Wanda ya taɓa ganin maharbi a ƙauye yana ɗura wa adaka albarushi da gwargwadon idonsa ya san asalin tunanin, sai dai a nan ba a kintace, ɗan abin da bai kai ƙwayar gero goma ba in ya ƙaru yana iya fasa bindiga a hannunka.

Mu fara da kuɗi tunda shi ne ya kawo yawancin mutane. Wajen atisaye babu musu ɗurin gida ya ci, in kana harba ɗaruruwa a wata kuma kana tsintar kwansonka to injin zai biya kansa, ko da yake tun ƙarancin 2020 da 2021 da faraima ta ɓace a shaguna kuɗinta ya ninka ribar ba ta kai ta da ba, musamman a harsashin fistol samfurin 9mm da na atisayen kamfani ma ba tsada gare shi ba. Amma harsashin da kake yawo da shi nawa ne a shekara? Bindigar Glock 19 tana cin 15 a magazin, SIG P365 ta asali tana cin 10, ka ƙara magazin ɗaya na ko-ta-kwana, duka-duka ba su wuce talatin da wani abu ba. Ka canza su sau ɗaya ko biyu a shekara. Ko da kowanne dala ɗaya da rabi ne, ka lissafa da kanka ka ga abin da ake ta hayaniya a kai bai kai kuɗin man mota na sati biyu ba. Abin da yake ɗan ci maka aljihu shi ne gwajin farko, don dole ka harba aƙalla kwali biyu ko uku na irin wanda ka zaɓa ka tabbatar bindigarka tana haɗiye shi ba ta cijewa, wasu masu koyarwa ma cewa suke sai ɗari biyu. Wannan kuma sau ɗaya ne ga kowace bindiga. Saboda haka hujjar araha a wannan gurbi ni ban ɗauke ta hujja ba, na ajiye ta gefe.

Sai maganar wanne ya fi tabbas zai tashi ranar da ake buƙata, kuma a nan ne masu ɗuri suke da bakin magana fiye da yadda ake ba su. Mutumin kirki mai natsuwa da ya zauna da injin mai aiki ɗaya-ɗaya, ya jera kwanso hamsin a faranti, ya auna kowane albarushi a sikeli, ya ɗauko tocila ya bi layi yana leƙa kowane kwanso ya ga tsayin albarushin duk daidai yake, ya shafa gindin kowanne da ɗan yatsa ya ji faraima ta zauna ƙasa kaɗan da baki, sannan ya jefa kowane harsashi a ma'aunin da aka ƙera daidai da ramin da harsashi ke zama a bindiga ya ji ya faɗa da kansa, wallahi wannan mutumin ya duba harsashinsa fiye da yadda kowane kamfani zai duba naka. Kamfani miliyoyi yake bugawa, kuma yana kuskure. A 2021 Winchester ta janye wasu rukunai na 9mm mai nauyin giren 115 (giren shi ne awon nauyin ƙwaya) daga kasuwa saboda albarushin cikinsu yana iya ƙin kamawa yadda ya kamata ƙwaya ta maƙale a bututu. Duk wanda ya daɗe yana sayen harsashi ya taɓa cin karo da faraima a juye ko kwanso a lotse cikin sabon kwali. Don haka masu cewa na kamfani ba ya kuskure ba su daɗe a filin harbi ba.

Amma fa ka lura da mutumin da na siffanta, mai natsuwa, ranar da yake da natsuwa. Yawancinmu ɗurin nan da dare muke yi bayan an taso daga aiki, waya na ƙara, yaro ya leƙo gareji yana tambaya, madam na kira abinci zai huce. Kurakurai biyu ne ke kashe mutum a harkar nan, kwanso ya wuce ba albarushi, ko ya sha sau biyu. Na farkon shi ne za ka ji maimakon kau sai wani ɗan fuf, hayaƙi kaɗan, bindiga ba ta motsa ba, ƙwaya ta tsaya a tsakiyar bututu. Na ga haka a filin harbi a layin da ke kusa da ni, mai kula da fili ya yi tsawa kowa ya tsaya, ya kwance bindigar mutumin ya ɗaga bututun sama ba haske ko kaɗan, sai da ya sa sandar tagulla da ɗan guduma yana ƙwanƙwasa kafin ƙwayar ta faɗo kan tebur, shi kuwa mai bindigar sai zufa yake yana rantsuwa ya duba kowanne. A fili wannan abin dariya ne da ba'a. A wurin ajiye motoci ƙarfe goma sha ɗaya na dare da mutum a gabanka, bindigar ta zama dutse, in kuma cikin ruɗewa ka ja ka sake harbawa a kan wadda ta maƙale to hannunka ne.

Akwai kuma 'yan abubuwan da harsashin kare kai na kamfani yake zuwa da su waɗanda ba a gani sai an duba. Ɗauki Federal HST ko Speer Gold Dot ka juya gindinsa, sau da yawa za ka ga wani ɗan zobe mai launi kewaye da faraima, abin toshewa ne da ke hana gumi da mai da danshi shiga. Bindigar da ke manne da ƙugunka tun safe har dare a zafin Yuli gumi take sha ba kaɗan ba. Kwanson yawanci an shafe shi da nikel, fari ne mai santsi, ba ya yin tsatsar kore kuma ana ganinsa cikin duhu in ka ɗan ja saman bindigar baya ka leƙa. Albarushin an sa masa abin rage walƙiya don kada harbin farko da dare ya kashe maka ido. Sannan sabon kwanso yana riƙe ƙwaya gam, wanda yake da muhimmanci saboda harsashin saman magazin shi ne ke shan wahala, kullum ka sauke ka mayar yana dukan hanyar shiga, a hankali ƙwayar tana nutsewa ciki, wurin albarushi ya ragu, matsi ya hau. Kwanson da aka ɗura sau biyar bakinsa ya gaji ba zai riƙe kamar sabo ba. Duk waɗannan mai ɗuri zai iya kwaikwaya, ya sayi sabon kwanso ya sayi abin toshewa ya nemi albarushi mai ƙarancin walƙiya, amma ka ga kenan arahar ta tafi, aiki ya ƙaru, kuma ƙarshenta abin da ka samu shi ne kwafin abin da ke shago.

Maganar matsi kuma, ƙungiyar SAAMI da ke tsara ma'auni tun 1926 ta sa iyakar 9mm a psi 35,000 (psi awon matsi ne), mai alamar +P ta ƙarin ƙarfi kuma 38,500. Kamfani yana da bututun gwaji mai auna wannan. Kai a gareji ba ka da shi, littafin ɗuri kake bi kana duba kwanso kana fatan alheri. Shi ya sa kusan duk littafin da ke zuwa da sabuwar bindiga, har da na Glock, za ka ga an rubuta kada a sa ɗurin gida, in ka sa wani abu ya faru garanti ba ruwansa.

Yanzu aikin ƙwayar kanta in ta isa inda aka aika ta. Ma'aunin da kowa ke bi ya samo asali ne daga artabun Mayami na 11 ga Afrilu 1986, inda jami'an FBI biyu suka mutu biyar suka ji rauni a hannun 'yan fashi biyu, ɗaya daga cikinsu an harbe shi tun farko amma ƙwayar ta tsaya kafin ta kai zuciya ya ci gaba da ɓarna. Bayan nan ne FBI ta fito da gwajinta: ƙwaya ta shiga inci 12 zuwa 18 a cikin jelatin na musamman, wani daskararren abu mai kwaikwayon naman jiki, kuma a gwada ta bayan ta ratsa tufafi masu kauri, da ƙarfen mota, da allon bango, da katako, da gilashin mota. Harsasan da 'yan sanda ke ɗauka, HST da Gold Dot da Hornady Critical Duty da Winchester Ranger, duk a kan wannan ma'auni aka gina su. Mai ɗuri zai ce ai ni ma ina sayen ƙwayar Gold Dot ko XTP ta Hornady zalla in ɗura, kuma gaskiya ne ana sayar da su. Sai dai ƙwaya mai rami a baki tana da iyakar gudun da take buɗewa a ciki, in gudun ya yi ƙasa ba za ta buɗe ba ta wuce kamar ƙusa ta fita ta baya ta samu wanda bai ji ba bai gani ba, in ya yi yawa ta tarwatse tun ba ta yi nisa ba. Kana da na'urar auna gudu to madalla ka san rabin labari. Ɗaya rabin sai jelatin, kuma jelatin na gaske kashi 10 cikin ɗari ne, a sanyin digiri 4 na Salsiyas, ana tantance shi da harbin 'yar ƙwayar ƙarfe kafin a fara. Jera galan-galan na ruwa a bayan gida kana harbi yana da daɗi amma ba shi ba ne.

Inda da can masu ɗuri ke da rinjaye shi ne bindiga mai gajeren bututu, don harsashin da aka gwada a inci 4 yana rasa gudu a inci 2 ko 3. To kamfanoni sun rufe wannan ƙofa, Speer ta yi .38 Special +P mai giren 135 musamman don gajerun libarba irin waɗanda 'yan sandan Niyu Yok suka riƙa ɗauka, kuma yanzu kusan kowane kamfani yana da layin ƙananan bindigogi. Batun daidaito kuwa, a ce naka yana tara harbi cikin inci ɗaya a yadi 25 na kamfani yana yin biyu, a tazarar da ake kare kai wadda sau da yawa ba ta wuce tsawon mota ba wannan bambanci ba ya nufin komai, hannunka da ke rawa ya fi shi girma sau goma.

Duk abin da na faɗa zuwa nan da shi kaɗai ne da sai in ce kunnen doki ne da ɗan rinjaye ga kamfani, mai natsuwa ya yi abin da ya ga dama. Abin da ya karkatar da ni gaba ɗaya kotu ce, kuma a nan ma mutane suna cakuɗa abu biyu da ba ɗaya ba.

Na farko shi ne wanda aka fi yayatawa, wai lauyan gwamnati zai tashi gaban juri, wato mutanen gari da ake zaɓa su yanke ko ka yi laifi, ya ce ku duba wannan mutumin harsashin shago bai ishe shi kisa ba sai da ya zauna ya haɗa nasa. Zai iya faɗa, ba abin da ya hana shi. Amma na kamfani ma bai tsira daga irin wannan baki ba. Harold Fish, malamin makaranta mai ritaya, ya harbe wani mutum a hanyar daji a Arizona a 2004 ya ce kare kansa ya yi, harsashinsa na kamfani ne, amma aka yi ta nanata wa juri cewa bindigarsa 10mm ce ta fi ta 'yan sanda ƙarfi kuma ƙwayar mai rami ce. Aka same shi da laifi a 2006 aka ba shi shekara goma, sai a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin ya fito. Wato mai neman abin faɗa zai samu ko me ka ɗauka. Bambancin kawai shi ne in irin na 'yan sandan garinku ne a bindigarka lauyanka yana da amsa mai layi ɗaya, abin da hukuma ta zaɓa wa jami'anta shi ya saya. In naka ne amsar tana da tsawo, kuma kowane minti na bayanin ƙwararre kai za ka biya.

Na biyun shi ne na gaske kuma ba a cika gane shi ba, maganar tazara. In an yi harbi kusa, ba ƙwaya kaɗai ke fita ba, baƙin hayaƙi da ɓurɓushin albarushin da bai ƙone ba suna fita su manne a riga ko fata, kuma yadda suka bazu yana nuna nisan bakin bindiga. Masu binciken kimiyya abin da suke yi shi ne su ɗauki bindigarka da irin harsashinka su harba a farin ƙyalle a tazara daban-daban har su samu wadda ta yi kama da abin da ke jikin rigar. Yanzu a ce ka ce mutumin ya riga ya cim maka hannunsa na kan wuyanka, abokinsa kuma ya rantse yana can nesa yana ja da baya ka harbe shi. Babu kyamara. Wannan ƙyallen shi ne shaidarka da ba ta ƙarya. In na kamfani ne, akwai lambar rukuni a jikin kwali, ana iya samo irinsa sak daga hannun da ba naka ba a gwada, sakamakon ya tsaya a kotu. In ɗurin gida ne, wa zai tabbatar abin da ke cikin wanda ka harba? Littafinka na ɗuri kai ka rubuta, sauran da ke cikin kwalin kai ka haɗa, wanda ake tuhuma shi ne masana'antar shaidar.

Shari'ar da ake kawowa kullum a nan ita ce ta Daniel Bias a Niyu Jasi, wadda Massad Ayoob, daɗaɗɗen mai koyar da harbi kuma mai ba da shaidar ƙwararru a kotuna, ya daɗe yana ba da labarinta. A 1989 matar Bias ta mutu da harbi a kai, shi ya ce bindigar na hannunta yana ƙoƙarin ƙwacewa ta tashi. Harsashin .38 ne da ya ɗura da kansa mai rauni ƙwarai, kuma a yadda Ayoob ya bayyana, ba a samu ɓurɓushin albarushi a wurin raunin ba, masu bincike suka gwada da harsashi mai ƙarfi wanda ke barin alama har a nesa, suka ce ashe daga nesa aka harbe ta ba daga hannunta ba. Ɗurin nasa kuma ba awo ɗaya ba ne a cikin kwalin, babu mai iya cewa ga wanda ya tashi. Sau huɗu ana zaman shari'ar, ƙarshenta aka same shi da laifin kisa ta sakaci ba da niyya ba ya yi zaman kurkuku, dukiyarsa ta ƙare tun a zaman farko. Masu ɗuri suna cewa ai wannan ba shari'ar kare kai ba ce, kuma gaskiyarsu, ba ita ba ce. Suna kuma cewa shari'a ɗaya tun 1989 ai ba ta isa a kafa doka a kanta ba, yau ga kyamara a kowace ƙofa da kowace waya, kuma yawancin shari'un kare kai a kan ko harbin ya halatta ake yanke su ba a kan me ke cikin kwanso ba. Duk na yarda. Haɗarin ƙarami ne. Amma abin da Bias ya nuna ba ya buƙatar shari'ar ta zama ta kare kai, ya nuna yadda gwajin tazara ke rushewa ne in harsashin ba shi da tagwai a wajen gidanka, kuma ƙaramin haɗarin da za ka iya saye ka kawar da dala hamsin ban ga dalilin ajiye shi ba.

Sai wani abu da Bature mai rubutu a kan wannan ba zai faɗa maka ba don bai shafe shi ba. Mu baƙi ne. Sunanka Abdullahi ko Usman, baƙar fata, harshenka in ka yi Turanci an san ba a nan aka haife ka ba. Bayan harbi za a karɓe bindigar, kuma ba abin mamaki ba ne a nemi izinin binciken gida. Ka yi tunanin hoton garejinka a allon kotu ko a labaran yamma, gwangwanayen albarushi a jere, sikeli, injin, dubban faraima, a ƙasa kuma sunanka. Maƙwabcinka ɗan asalin garin wanda kakansa ya koya masa ɗuri, juri za su ga abin sha'awa ne irin na kakanni. Kai ban ce dole a ga wani abu ba, mutanen kirki suna da yawa a juri, amma ba zan so in sa 'yancina a kan kyakkyawan zaton mutum goma sha biyu da ban sani ba alhali ina iya raba bencin ɗurina da abin da ya faru tun farko. In harsashin da ya tashi na shago ne da rasit, garejin ba shi da alaƙa da shari'ar, lauyanka ma yana da hujjar cewa kada a shigo da shi.

Akwai dai waɗanda nake ganin ɗurin gida ya fi musu ko kuma ba su da zaɓi. Mai tsohuwar bindiga da harsashinta na kare kai ya yi wuyar samu, ko ana samu amma ƙwayar irin ta shekara hamsin da suka wuce ce. Mai yawo a dajin Alaska ko Montana da damuwarsa dabba ce ba mutum ba, wannan wata hira ce daban, ƙwaya mai nauyi mai tauri yake so kuma beyar ba ta kai ƙara, ko da yake Buffalo Bore da Underwood suna sayar da irin wannan ma. Sai lokacin ƙaranci kamar 2020 da shaguna suka zama wayam, in zaɓin shi ne ɗurinka ko bindiga ba komai ai ba a tambaya. Dattijo ko mace mai ciwon hannu da naushin bindiga ke wahalarwa kuwa, da ana cewa a ɗura musu mai sauƙi, amma ka tuna mai sauƙin nan shi ne ainihin abin da ya rikita shari'ar Bias, kuma yanzu akwai na kamfani masu rangwamen naushi irin Critical Defense Lite na Hornady, gara a fara da su.

In kana cikin waɗannan kuma dole sai naka, to aƙalla ka yi shi kamar wanda ya san za a tambaye shi. Sabon kwanso, awo ɗaya tak ga rukuni gaba ɗaya ba gauraye, kada ka fita daga abin da littafin kamfanin albarushi ya buga, ka rubuta rana da komai, ka ware wani kaso ka rufe ka ajiye. Ba zai kai lambar rukunin kamfani ƙarfi a kotu ba amma ya fi babu.

Ga sauranmu kuwa tsarin da na ga ya fi shi ne a raba aiki. Ka zaɓi na kamfani guda ɗaya wanda ya ci gwajin FBI kuma bindigarka ta karɓa, in ka samu irin kwalin hamsin-hamsin ya fi na ashirin sauƙi, ka sayi da yawa daga rukuni ɗaya. Ka harba wasu a na'urar auna gudu ka rubuta. Sannan ka koma benci ka haɗa na atisaye da ƙwaya mai arha mai nauyi ɗaya da gudu kusan ɗaya, yadda naushin da inda yake sauka za su zama iri ɗaya da wanda kake yawo da shi, a nan ne injinka zai yi maka aikin da babu kamfanin da zai yi, ka harba dubu ba ka ji a aljihu ba. Ka bambanta su yadda ko cikin duhu ba za ka cakuɗa ba, farin kwanso na jiki, jan kwanso na fili, kuma kafin ka bar filin harbi ka duba magazin ɗin da ka mayar a kube da idonka. Harsashin sama da ya sha shiga da fita ka riƙa jera shi kusa da sabo, in ya gajarta ko kaɗan cire shi. Kwalin kuma kada ka yar, lambar rukunin tana jikin marfin ciki ko gefe, ka bar guda biyar ko goma a ciki ka sa rasit ka ajiye a inda iyalinka suka sani, tare da lambar wayar lauya.